Mai Tsaron Kwana

Lahadi bayan la'asar, Tawa ta ɗan huce.
A garejin Nomau da ke bayan tasha
an ture tsofaffin tayoyi gefe,
an ɗora katako a kan duro shida.
Hanyar ke nan: tsaga huɗu a jere kamar kitso,
kowace da zaren tagulla da wuta ke bi.
Daga Abijan ya kawo ta guntu-guntu
cikin kwalin da aka zaci atamfa ce.
Har yau matarsa ba ta manta ba.

Mu goma sha ɗaya ne.
Kowa dala ashirin cikin gwangwanin madara,
kuɗin wuta da na shayi.
Zabeiru tela ya shafa wa tasa kore.
Mushe Kadri mai koyar da lissafi
yana auna taya kamar mai sayen zinariya.
Tsahara 'yar Nomau ba ta ce uffan ba,
ta goge cikin motarta da buroshin haƙori,
ta hura, ta ajiye a layi.
Abin duka bai cika tafin hannu ba,
amma dubi yadda gemu ke rawa a kansa.

Ni ba na riƙe kunama.
Wurina kwana ta uku,
wadda suka laƙaba wa Wuyan Raƙumi.

Illa ya buga sifana a jikin duro.
Sai kuka, irin na rina in an taɓa gidanta.
Ja ta wuce, kore na bin ta,
ido bai gama kamawa ba sun sake zagayowa.
Alli na ƙirga a bango.
Ɗakin ya ɗauki ƙaurin waya mai zafi.
Duk ilimin a yatsa ɗaya yake:
ba matsawa ba, sanin lokacin saki.
Wanda ya makara da ƙiftawar ido
sai motarsa ta yi tsalle ta zo gare ni.
In cafe, in mayar a tsaga,
mai ita na ihu, "Maza, Baba Agali, maza!"

Shekara ashirin da biyu na ja tirela,
albasar Galmi har bakin teku.
Ina da yaron mota, Alio,
mai barci a kan buhuna, baki buɗe,
mai cewa in ya samu lasin
shi ne zai riƙa kai ni masallaci.
Wani dare, gaba da Dogon Dutsi,
na makara da ƙiftawar ido.
Albasa ta yi ta gangara a kwalta
har gari ya waye.
Ba wanda ke tsaye a waccan kwanar
da zai ɗauka, ya kaɗe yashi,
ya mayar a hanya ya ce a ci gaba.

Ban taɓa gaya musu ba.
Sun ɗauka ciwon gwiwa ne
ya sa na zaɓi wurin da ake zama.

Zagaye na arba'in da bakwai
wuta ta ɗauke.
Motoci suka tsaya cak inda suke,
fanka ta ƙarasa juyinta ita kaɗai.
Aka kunna fitilun salula.
Mushe Kadri ya durƙusa da ma'auninsa,
ya daɗe, ya yi tsaki, ya faɗi gaskiya:
Tsahara ce, da tsawon ƙwayar gyaɗa.
Aka miƙa mata kofin,
tsohon fistan da aka fesa wa ruwan gwal.
Zabeiru ya rantse sai an sake.

Suna ta musu a cikin duhu.
Ni kuwa koren tana hannuna,
ta faɗo daidai lokacin da wuta ta tafi.
Da ɗuminta, kamar ɗan tsako.
Na shafa bayanta, ba ko ƙwarzane.
Na laluba da yatsa na sami tsagar,
na zaunar da ita, fuska gaba,
na ci gaba da zama kusa da ita
ko za a kawo wuta kafin magariba.