Abin da Ke Hannunta Sa'ad da Ta Faɗi

Ƙarfe ɗaya na dare a Aboabo,
fanka tana kwashe zafi daga wannan bango ta kai wancan,
ni da fayil ɗin da wayar Hajiya Barikisu ta aiko
daga rumfarta ta atamfa a Kejetia.
Manhajar bashin da na rubuta mata
ta faɗi da la'asar, ana tsakiyar ciniki,
amma kafin ta cika
ta zazzage aljihunta, ta bar mini.

Na buɗe dibaga, na miƙa masa.
Ba ya gaggawa.
Sai da ya duba hatimin da ke goshin fayil,
ya bi jerin da ke cewa
abu kaza yana taku kaza daga bakin ƙofa,
sannan ya tambayi asalin injin,
don wanda bai san dangin mamaci ba
a baibai zai karanta zanen fuskarsa.

Zare goma sha ɗaya ke bakin aiki a lokacin.
Goma na zaune suna jiran kira.
Ɗaya ne ya yi tuntuɓe,
shi muka buɗe wa tafin hannu.

Ka san karen motar tirotiro,
yadda yake ninke sidi tsakanin yatsu,
biyar nan, goma nan,
canjin wata tsohuwa a ƙaramin yatsa,
ba ya kai su jaka sai an shiga tasha?
To haka rajista take a ƙirjin inji:
kuɗin hannu, ba na asusu ba,
abin da ake juyawa yanzu-yanzun nan.

Ga su kwance, talatin da 'yan kai,
kowace bayit takwas, kafaɗa da kafaɗa,
babu wadda aka rubuta wa suna.
Dibaga dai ya san gurbin kowa,
kamar yadda na san inda Baba Awudu ke tsayawa a sahu
ko da an ɗauke wuta.
Daga wutsiya yake karanto su,
don a garinsu ƙarami ke shiga gaba.

Wata ta nuna inda ƙafa ta tsaya.
Wata ta riƙe hanyar komawa gida.
Wata na nuna saman jeren kwanukan
da aka ɗora ba a kai ga saukewa ba.
Sai ta farko, wadda aka aika ɗauko suna:
sifili goma sha shida a jere
kamar ƙwai a faranti.
An aike ta gidan da babu,
ta ƙwanƙwasa, ƙasa ta rufta.

Ya gaya mini ina.
Ya gaya mini yaya.
Daga nan ya naɗe hannu, aikinsa ya ƙare.

Da safe, ko koko ban sha ba, na kira.
Hajiya, bashin wa kika shigar jiya da la'asar?
Ta yi shiru. Ta bayanta ina jin kasuwa,
amalanke na neman hanya,
wani na rantsuwa a kan farashi.

Turmi biyu ne, in ji ta, baƙi da ja, na makoki.
Mai su, shekarar da wuta ta cinye mini rumfa,
ita ta raba tata biyu ta ba ni gefe.
Yarana na taɓa wayar nan, Fuseini.
Ba zan sa sunanta inda za su gani ba.

Ni ne na rubuta cewa duk bashi da sunansa,
na kuwa rubuta shi da tabbaci
irin na wanda bai taɓa tsaron rumfa ba.

Layi uku gyaran ya ci.
Yanzu in ta buɗe hannu ta ga sifili
ba ta faɗuwa.
Takan rubuta turmi biyu, ta rubuta kuɗi da rana,
ta bar gurbin sunan fari,
ta wuce ga mai saye na gaba.