Muryar da Ta Biyo Ta Ƙarƙashin Benci

Ƙarfe shida na kashe tukunyar ɗumama coci,
don madugun makaɗa ya ce tana gunaguni
kamar tsohon da aka katse wa magana.
Sai sanyin Maris ya shigo tare da jama'a,
ya zauna a sahun gaba, ko tikiti bai saya ba.

Shekara talatin da ɗaya ina riƙe da makullan nan a Torgau.
Kunnena na hagu ya mutu tun ina masana'antar gilashi,
na dama kuwa sai abin da ya ga dama yake ji.
Siraran muryoyin nan masu hawa rufi
wuce ni suke, kamar tsuntsaye a bayan taga.
Baki na buɗewa, baki na rufewa, shi ke nan.

Sai Wendelin Haberkorn ya miƙe.
Gajere ne, bai kai hoton da muka manna a ƙofa ba,
kwat ta ɗan matse shi a kafaɗa.
Da rana na gan shi a matakala yana cin tuffa,
har ya tambaye ni ina banɗaki.

Ba ta kunne ta fara zuwa ba.
Ta ƙasa ta biyo, ta bi duwatsun daɓe,
ta hau ƙafar benci, ta shiga ƙashin bayana,
yadda jirgin kaya kan ratsa kogin Elbe da tsakar dare
kofuna su yi ta kaɗawa a cikin kabad.

Waƙar ta girmi kakan kakana.
Da gashin tsuntsu aka rubuta ta, a hasken kyandir:
rana ta faɗi, an sauko da gawa daga gicciye,
wani bawan Allah ya roƙi a ba shi ya binne.
Kalma ɗaya ya kama yana murzawa,
ya hau da ita, ya sauko, ya sake hawa,
duk a numfashi ɗaya.
Ni sai da na ja uku ina jiransa.

Da ya gangara can ƙasa, muryar ba ta yi laka ba,
rijiya ce mai zurfi, amma kana hango tsakuwar gindinta.
Babbar goge na tafe a gefensa, taku da taku,
kamar maƙwabcin da ya san ba a surutu a hanyar maƙabarta.
Sau ɗaya ta ɗan tsage, wajen hawa.
Bai gyara ba, bai ko ƙifta ido ba,
ya bar tsagar a wurin, muka leƙa.

Sannan ya koma farkon waƙar, yadda al'adarta take.
Kalmomin ɗazu ne,
sai dai mai faɗarsu ya je wani wuri ya dawo.

Irmtraud, wata huɗu ke nan.
Ni na zaɓi akwatin, ni na jera kujeru,
na ƙirga su har sau biyu, ido a bushe.
Mutane suka ce Egon dutse ne.
Ashe dutse ma yana ji, in aka biyo masa ta ƙasa.

A wannan dare ba a tafi.
Aka tashi shiru, ana laluben safar hannu.
Ya zo wucewa, mayafin ulu har hanci,
ya ce ko zai sami jirgin ƙarfe tara da kwata?
Na ce in ya bi ta bayan kasuwa.
Abin da na iya ce masa ke nan.

Na sauka na kunna tukunyar.
Da na hawo, na ɗora tafin hannu a kan bencin.
Katako ne kawai, mai sanyi.
Na dai bar hannun a wurin.