Sabon Jirgin Lilo

Daga Nima muka hau mota,
ni da Fuseini gwanin lilo,
wanda ya hau tsohon sau bakwai bara.
Ya ce, "Tsohon lallashi yake,
wannan kuwa bashi yake karɓa."

Ƙarfe ya ja mu sama, ƙat, ƙat, ƙat,
kamar keken ɗinkina in zare ya sarƙe.
Can ƙoli na hango teku,
hasumiyar masallaci ta koma allura.

Sai aka sake mu.
Kokon safe ya dawo maƙogwaro,
hulata ta nufi Mamobi ba sallama,
gwani na ta kiran uwarsa.

Muka sauka, ƙasa na rawa.
Ya share hawaye, ya ce, "Ba laifi."
Na laluba aljihu:
"Fuseini, sidi nawa ya rage maka?"