Riguna Tara

Riguna tara a igiyar shanya, gidanmu na Tawa,
kowacce da harshen da ban iya ba.
Mazan Adar kan tafi ci-rani Abijan,
ni na tafi da tsawona da ƙwallon kwando.

Wata bakwai a Tunis. Manila, huɗu:
gwiwa ta kumbura, suka miƙo tikiti.
Akwai garin da ƙanƙara ke toshe ƙofa,
albashina na can har yau.

Inna ba ta tambayar maki.
Ta shafa jar rigar:
"Nomau, telansu bai iya ɗinki ba."

Yara sun ɗaure fasasshen bokiti a dogon yaro.
Na jefa, ta kauce.
Suka ce, "Baba, sake."