Mun Cinye Dodo

Daren Laraba aka ɗauke wuta a Agege.
Mudi ya rantse ya ga wani abu a bayan durom,
mai ido uku, ba shi da wuya.
Nasiba ta ce ƙarya ne,
amma ta ƙi zuwa banɗaki ita kaɗai.

Na ce, to, gobe za mu kama shi.

Da hantsi na auno fulawa gwangwani huɗu,
bota, sukari, ƙwai biyu.
Na daka citta da kanumfari, na barbaɗa kirfa,
masoro ƙwaya uku don ya ɗan yi cizo,
dodon da ba ya cizo ai tunkiya ne.

Da kwalba muka murza ƙullin.
Gwangwanin madara na lanƙwasa da filaya,
ya haifa mana jemage, fiffike ɗaya ya fi ɗaya.
Fatalwa da bakin wuƙa na zana ta,
ta fito kamar rigar da iska ta sato daga igiya.

Tandarmu tsohuwar tukunya ce,
yashi a ƙasa, garwashi a kan murfi.
Jirgin ƙasa ya wuce, kwanuka suka gaishe shi.
Ƙamshi ya haura katanga,
sai ga Ireti da ƙaninta a goye,
wai an aiko ta aron ashana.

Zobo ya ba mu ja,
koko ya ba mu baƙi,
farin kuwa sukari ne da ruwan lemon tsami.
Sai dai iskar Ikko ba ta barin abu ya bushe:
idon fatalwa ya narke, ya gangaro har haɓa.
Nasiba ta ce, wannan kuka take yi,
a bar ta sai ƙarshe.

Mudi ya ja gefe da nasa.
Gyaɗa uku ya dasa a goshi,
ya yi haƙora da tsinke, hannu na rawa.
Ya daɗe yana kallonsa,
shi ma yana kallon Mudi.
Sannan ya gatsa kan.

Yaya? na ce.
Akwai yaji, in ji shi, baki cike.

Da dare wuta ta sake tafiya,
janaretoci suka ɗauki tarinsu.
Na ji takun ƙananan ƙafafu sun nufi durom.
Ya ajiye guda ɗaya a kan murfi,
wai in ya zo, ya ga yadda muka yi da ɗan'uwansa.

Ni kuma na zauna ina kankare faranti,
takardar mai gida na nan ƙarƙashin filo,
wata uku, da jan biro.
Saura ƙulli kaɗan a kwano.
Har yanzu ban san siffar da zan yanka ba.