Bel na Uku

Tun ba mu bar gaɓar Zobe ba ya fara kuka,
tsiii, kamar ɓera a tarko.
Na ce sanyin asuba ne, zai daina.
Buhun albasa huɗu, akuya ɗaya, mata shida masu zuwa cin kasuwa,
muna tsakiyar ruwa jar fitilar batir ta buɗe ido
ta zuba mini.

Wannan ne bel na uku tun Babbar Salla.
Na farko ya tsinke kamar tsohuwar igiyar guga.
Na biyu ya yi santsi, yana ƙyalli kamar goshin mai tuyar ƙosai.
Wannan kuwa ta gefe guda yake cinyewa,
zare na tsattsagowa kamar gezar tabarma.
Na shafa murfin inji, yatsana ya dawo baƙi:
garin roba, lukui, sai ka ce kwalli.

Na riga na je Dutsin-Ma na wanke Barau tas,
a ƙofar shagonsa, a gaban yaransa.
Na ce jabu yake sayar mini.
Bai ce uffan ba. Ya ci gaba da jera filogi.

Da la'asar Nalado ya iso a kan babur,
sifana biyu a aljihu, goro a kunci.
Ya danna tsakiyar bel da babban yatsa,
ya lotsa kaɗan, ya dawo.
Bai yi sako-sako ba, in ji shi, bai kuma shaƙe ba.
Ya cire shi, ya lanƙwasa, ya shinshina ko mai ya taɓa shi.
Babu mai.
Ya murza fulin altaneta, ya kara kunne
kamar mai sauraron ƙirjin jariri:
boris lafiya lau, ba gurnani, ba rawa.
Ya zura farce cikin kwarmin fuli, ya kankaro tsatsa,
ya ce, wannan ta ci rabonta,
amma ba ita ce kurar ba.

Sai ya ce in ba shi zaren fatsa.
Ya dafe shi a fuskar fulin ƙasa,
ya ja shi ya miƙe har fulin sama,
ya rufe ido ɗaya.
Zo ka gani.
Na durƙusa. Ga rata nan tsakanin zare da ƙarfe,
wadda ƙwayar dawa za ta wuce ba ta gogi kowa ba.
A karkace yake gudu, ya ce,
ko wanda aka saƙa da fatar giwa ka kawo, wata guda ne.
Akwai washa a bayan ƙarfen nan, mai kauri.
Ina take?

Ruwa ya bugi cikin jirgi, ya koma.
Balbela ta sauka a kan kututture.

Na san inda take.
Ranar jajibere, ina sauri, hannuna duk giris,
ta suɓuce, ta yi tsalle ɗaya a kan katako,
tsulum.
Na leƙa, na ga fuskata tana wargajewa.
Na ce, abin da bai kai girman kwabo ba.
Na ɗaure noti haka nan, na tafi neman rago.

Nalado bai yi dariya ba, da ya yi ma da sauƙi.
Ya zazzage gwangwanin madara a tafin hannu,
ya tsinci ɗaya cikin tarkace, ya goge ta a riga.
Ya bi kwarmin fuli da sanfefa har ya yi fari,
ya sake jan zare: ya kwanta lif.
Muka sa bel na huɗu, wanda na saya a wani shago don fushi.
Na tayar. Muka yi shiru muna jiran kukan.
Jar fitila ta lumshe ido.
Sai bugun inji kawai, da kwaɗi can cikin ciyawa.

Bayan sati ka sake danna shi, ya ce, sabo yakan saki jiki.
Washa kyauta ce. Kuɗin man babur za ka biya.

Yanzu dare ya yi, ina zaune a bakin jirgi,
ina juya kifin da yaro ya kamo.
Na ɗaga wannan tarwaɗa, na ajiye, na ɗaga waccan.
Gobe zan shiga Dutsin-Ma.
Ban san wace ce ta kai nauyin abin da na faɗa
a ƙofar shagon Barau ba.