Rabin Baki

Babana Valdomiro ya sari rake
shekara talatin da ɗaya a Pernambuco.
Yau in ka miƙa masa gaɓa guda
sai ya jujjuya ta, ya shinshina,
ya ba jikarsa.

Na farko ya fita yana ɗan sha tara,
turmi ne, na hagu.
Cikewa ladan mako uku,
cirewa ladan wuni.
Wa ke dogon lissafi da kumburarren kunci?
Haka suka bi juna
kamar 'yan ƙodago in an gama sara,
ba sallama, ba wanda ya dawo.

Ni kuwa, Edinalva, goge-goge nake
a Recife, hawa na tara,
asibitin haƙori mai kallon teku.
Ƙarfe bakwai nake shiga, bayan likita ta tafi.
Akwai kujera mai kwanciya da kanta,
akwai kifaye a gilashi
da ake ciyarwa sau biyu.
Nan ake kawo haƙoran da ba sa ciwo
don a ƙara musu fari.
Ranar Talata na tsinci rasit a kwandon shara:
haƙori ɗaya, dashe,
albashina na wata biyar.
Na taɓa giɓina da harshe,
na ci gaba da matse tsumma.

Shekarar zaɓe wani ɗan takara ya zo ƙauyenmu
da mota cike da haƙoran roba.
Ya ce ga na sama yanzu,
na ƙasa sai an ƙirga ƙuri'a.
Baba ya bi layi tun asuba,
ya gwada huɗu, na biyar ya zauna.
Ya yi wa madubin motar murmushi,
har kunya ta kama ni.

Mutumin ya faɗi zaɓe.

Na saman na nan cikin gwangwanin madara,
a kan taga, cikin ruwa,
yana yi wa rufin ɗaki dariya shi kaɗai.
Ga ƙoshi ga kwanan yunwa.
Baba kan sa shi ran Lahadi in za shi coci,
ya cire kafin a zuba abinci,
don hannu ɗaya ba ya tafi,
balle tauna.

Wake sai an dama masa,
garin rogo sai ya jiƙa,
nama kuwa ya tsotsa ya ajiye wa kare.
A hoton bikina kowa baki buɗe,
shi ya rufe nasa da tafin hannu
kamar mai riƙe da sirri.

Jiya Luzinete, 'yata, ta fitar da haƙorin madara.
Ta kawo masa a tafin hannu, ta ce,
Kaka, riƙe wannan,
nawa zai sake fitowa.
Ya karɓa, ya naɗe a hankici,
ya dube ni, ya ce,
wannan bakin dai, a tsare shi.

Na ce to.
Ban gaya masa nata na ciki
ya fara baƙi ba.